Saƙon Amm Girgis

"Sake faɗa," in ji Amm Girgis, dattijon ɗakin.

Fatahi ya rufe ido ya jero lambar wayar karo na ashirin. A wannan ɗaki na gidan yari ba biro ba takarda, don haka duk wanda za a saka, kansa ne wasiƙar 'yan ɗaki. Shi kuwa Fatahi jiya kotu ta yanke cewa shekara biyu da wata huɗu a tsare ba shari'a ya saɓa wa doka, a sake shi nan take.

"Ka ce wa 'yata Maryana ubanta na da rai. Tun ranar da aka ɗauke ni a shagon ɗinki ba ta san inda nake ba."

"Fatahi, direban bas ɗin da ke wuce tasharsa, shi ka ba amana?" Sabri, wani ɗan ɗakin, ya tsokane su daga lungu.

"Rufe mana baki, ɗan baƙin ciki," in ji Fatahi, aka kwashe da dariya.

Sai dai "nan take" a bakin alƙali daban, a hannun masu makulli daban. Kwana tara Fatahi ya yi a ofishin 'yan sanda yana jiran sa hannu, yana bitar lambar kamar mai hadda. Ya roƙi wani kurtu aron waya, minti ɗaya tak.

"Saurin me kake? Gobe kana gidanku."

Rana ta goma aka kai shi gaban mai gabatar da ƙara, aka karanta masa sabuwar tuhuma: wai ya halarci taron asiri a watan jiya.

"Ya Basha, ranka ya daɗe, watan jiya fa ina hannunku!"

"Kwana goma sha biyar a tsare, kafin a gama bincike." Mutumin ko ɗago kai bai yi ba.

A mota Fatahi ya yi kuka kamar ransa zai fita. Abin takaici, ɗakinsu na da aka mayar da shi. Da ƙofa ta rufe, har Sabri sai da ya sunkuyar da kai. Amm Girgis ya rarrafo ya kama hannunsa.

"Ka same ta?"

Fatahi ya kasa haɗa ido da shi. "Na same ta."

"Me ta ce?"

"Ta ce... tana gaishe ka."

Tsohon ya daɗe yana dubansa.

"Maryana ba ta gaisuwa, ɗana. Da ka same ta, da zagina za ta fara yi."

Ya matsa, ya ba shi gefen bargonsa.