Jelar Harafin Mang Teroy

Shekara talatin da bakwai Mang Teroy ya yi a ƙarƙashin gadar Cubao yana rubuta wa direbobin jifni, motocin hayar birnin, allon da suke jinginawa a gilashin gaba. Baƙin allo, fenti ruwan ɗorawa mai kashe ido, harufa masu ƙiba, kowanne da 'yar jela a ƙarshe. Tun daga nesa fasinja kan gane hannunsa kafin ya karanta inda motar ta nufa.

Sai aka fara kwashe tsofaffin motocin ana kawo sababbi farare, masu ba shi aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar direbobi guda ta rage masa, wadda Aling Nimfa ke shugabanta. Ranar Litinin ita ma ta zo da takarda a hannu.

"Mang Teroy, ga irin rubutun da kwamiti ke so yanzu. Ba jela, ba inuwa, ba kwalliya."

Ya duba. Harufa ne miƙaƙƙu, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, kamar an yanko su daga bututun famfo.

"Aling, wannan ai rubutun kwalbar magani ne."

"Kai dai yi mini guda ɗaya in nuna musu, in ba haka ba shagon masu injin buga rubutu za su kai aikin. Ni na tsaya maka, kar ka ba ni kunya."

Hannunsa ya ba shi wahala. Da ya kai ƙarshen harafi sai wuyan hannun ya murɗa da kansa, jela ta fito. Ya goge, ya sake. Ya ɗora rula, ya manna tef, ya bi sawun buroshi da sanfefa har ya ɓace. Ya tsani allon, amma tsoro ya hana shi ajiyewa.

Rana ta goma Aling Nimfa ta dawo tana cin soyayyar ayaba. Ta shafa allon da yatsa.

"Kai, tsoho! Rantse cewa da hannu ka yi shi."

"Da wannan hannun."

"Sak na inji!"

Daɗi ya kama shi, har ya gyara zama. Ita kuwa sai ta daina tauna.

"Kwana nawa ya ɗauke ka?"

"Tara."

"Mota arba'in gare mu, Mang. Me zan ce musu? Su jira shekara guda don abin da inji zai fitar kafin a ci abincin rana? Da ma ka bar 'yar jelar nan, da na sami abin kare ka."

"Ke kika ce ba jela."

"Ni na ce," ta amsa, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ta tafi ta bar masa allon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tsoma buroshi don ya mayar wa harafin ƙarshe jelarsa, ko ba komai ya zama nasa. Ya ja layin ya saki hannu, yana jiran murɗawar nan. Hannun ya sauka a miƙe, ya tsaya cak.