Lemo a Bakin Kwalbati

Ruwan sama bai gama ɗaukewa ba faɗa ya kaure a gareji. Wani direban tifa ya ce Yaya bakanike ya lalata masa birki. Yaya, da bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Ƙafarka ce ta lalace, Malam."

Naushi ɗaya direban ya kai masa. Jini ya yi tsartuwa a kan bonet, Yaya ya yi baya ya rufta cikin babbar kwatar da ke gefen titi.

Ƙanwarsa, wadda suke kira Tabarau, ta yar da kwanon abincin da ta kawo masa. Ruwan ja ne, yana tafasa yana juyi, yana maka Yaya da siminti. Shi kuwa ya cafki wani rodi a bakin kwalbati. A ƙarƙashin titin ruwan ya rabu biyu, ya fita ta baki biyu, igiyar garejin kuma ɗaya ce.

"Dama za mu!" in ji Kawu, mai garejin. "Can ya fi ƙarfi!"

Tabarau ta dubi ruwan. Abin da take karantawa ke nan a jami'a: in ruwa ya haukace haka, ba mai iya faɗin inda zai kai abu guda, sai an zuba da yawa a ga inda suka fi bi. Ta fizge tiren wata mai lemo ta kife a kan ruwan.

"'Yar banza! Lemona!" in ji mai lemon.

Ta tsallaka titin a guje. Lemo na fitowa ta hagu, tuli. Ƙalilan ne suka ɓullo ta dama.

"Hagu, Kawu!"

"Kin tabbata?"

"A'a! Ya dai fi yawa!"

Kawu ya yi hagu da igiya. Ita kuwa 'yan ƙalilan ɗin nan suka tsaya mata a rai. Ta shaƙo kwalar direban, ita da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai.

"Kai ka jefa shi. Sauka dama!"

Ya sauka, ruwa har ƙirji, ya maƙale ƙarfen gefe da hannu ɗaya.

Yaya ya saki rodin. Kwalbatin ya haɗiye shi.

Ta dama ya fito, kai a fashe. Direban ya damƙo wandonsa, tasa kafaɗar ta yi ƙas ta goce. Ya ƙwalla ihu, bai saki ba.

Da aka jawo su, Kawu ya nufo direban da sifana a ɗage. Yaya ya amayar da ruwan laka, ya riƙo ƙafar Kawu.

"Bar shi, Kawu," ya ce da ƙyar. "Hannun dai lafiyarsa lau. Ƙafar tasa ce ta lalace."