Kaburbura Biyu a Jikin Katanga

Malam Datti lissafi yake koyarwa a sakandaren Kutama, kuma ɗalibansa sun san maganar da ya fi tsana: "Ai ga shi nan ana gani." Ko da wasa aka faɗa, sai ya ajiye alli ya ce gani daban, hujja daban.

Ran nan ya ja layuka biyu a allo, ya ratsa su da na uku.

"In waɗannan biyun waje ɗaya suka dosa, kusurwar da kowanne ya yi da layin da ya ratsa su dole ta zo ɗaya. In kusurwoyin suka bambanta fa?"

"To ɗayansu ya karkace, Malam," in ji Ikilima daga layin gaba.

"Wanne?"

"Wanda Malam ya ja yana hamma!" Muhsin ya jefo daga baya. Aji ya fashe da dariya. Malam Datti ko murmushi bai yi ba.

Ikilima ta daɗe tana kallon allon. "Hujjar ba ta faɗi wanne ba. Sai an kawo abin awo daga waje, wanda aka tabbatar daidai yake."

"Haka ne," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa.

Abin ya samo asali ne tun da aka kewaye maƙabartar garin da katangar bulo, miƙaƙƙiya sambal. Masu haƙa kabari a garin ba sa sake neman gabas. Kowane kabari da na kusa da shi suke daidaita shi, da ido. Mahaifin Malam Datti yana kwance a tsohon ɓangare. 'Yarsa Zinnira, wadda zazzaɓi ya ɗauke a daminar bara, tana can ƙarshen sabon. Dukansu a jikin katangar. Wata Juma'a da ya je ziyara idonsa ya ƙi kwanciya da abin, ya lanƙwasa karan dawa ya ɗauki kusurwar kabarin uban da katanga, ya kai kan na 'yar. Ba su zo ɗaya ba, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Ɗayansu ba ya fuskantar alƙibla.

Tun daga ranar, ko salla ya tayar sai ya ga Zinnira kwance, ta kau da fuska. Wayarsa tana nuna alƙibla. Ya sani, tsoron dubawa yake.

Ranar da Ikilima ta yi wannan magana, bayan la'asar ya tafi maƙabartar. Ya yi wa mutanen kabari sallama, ya bi jikin katanga ya wuce mahaifinsa, ya durƙusa wajen Zinnira. Ya ɗora wayar a kan tudun ƙasar. Kibiyar ta yi ta rawa, sannan ta tsaya cak, daidai inda fuskar yarinyar take kallo.

"Alhamdu lillahi!" Da ƙarfi ta fito, har kurciyoyi suka tashi daga kan darbejiya.

Sai ya gane abin da ya gode wa Allah a kai. Ba sai ya auna na uban ba, hujjar ta riga ta gama wannan aikin. Mutumin da ya koya masa tsayuwar salla ne yake kwance a karkace, kuma ashe abin da shi Malam Datti yake ta roƙo ke nan tun daga gida.

Ƙofar maƙabartar ɗaya ce, tana can bayan kabarin tsohon, dole ya sake bi ta wajensa. Malam Datti ya mayar da wayar aljihu, ya miƙe, ya tsaya yana kallon hanyar.