Mai Wushirya

Ranar da aka karrama Baba Soja, an zaunar da shi kusa da ƙaton hoton wani matashi cikin kaki. Ya goge tabarau ya sake dubawa, kansa ya ɗaure. Shi dai bai taɓa yin wushirya ba.

"Wane ne wannan?" ya tambayi jikarsa.

"Kai ne mana, Kaka! A akwatinka na samo. Ashe da can ka fi kyau."

Amininsa ne, wanda suka tafi yaƙi tare bai dawo ba. Jama'a sai tafawa suke. Tsohon ya dogara sanda ya miƙe, ya juya wa taron baya, ya ƙame, ya sara wa hoton.