Mai Fito a Majigi

Karo na uku ke nan Maijidda tana miƙewa tsaye a cikin kwale-kwalen tana sake zama.

"Gambo, don girman Allah mu tafi. Ai mun isa haka."

"Saura mai buhun shinkafar can, Maman Binta," in ji Gambo mai fito, yana dogare da gorarsa. "Ki zauna, kada ki kifar da mu tun a bakin gaɓa."

Ta zauna. Ruwan bana ya shanye hanyar mota tun watan jiya. Daga ƙauyensu zuwa titin Auyo babu abin da ake gani sai kan shinkafa da ciyawar kachalla, sai balbelu jefi-jefi. Da ƙarfe biyu za a fara, ga rana har ta kusa tsakiya.

Wata takwas ke nan da rasuwar mijinta Inuwa, wanda shi da Gambo suka shekara goma sha biyar suna fito a wannan mashigi. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi. Daminar bara wasu 'yan fim sun zo daga Kano sun yi aiki a bakin ruwan, suka ɗauki Inuwa ya tuƙa su. Ranar ya dawo gida yana cewa, "Yau ni ma na shiga fim, sai ki fara yi mini magana da ladabi." Ta yi masa tsaki cikin wasa, aka bar zancen. Yanzu kuwa hotonsa ɗaya ne tak a ɗakinta, na jikin katin zaɓe, ya ɗaure fuska kamar ba shi ba.

Jiya yayarsa 'Yar'azumi, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Haɗeja, ta kira ta a waya.

"Wasu samari sun kama ɗakin taro suna haska finafinan da suka fi tashe a bana. Gobe Asabar ranar mata ce, kuma fim ɗin da Auta ya fito a ciki za su saka. Jibi sun wuce Gumel. Ko ta sama za ki biyo, ki zo."

Auta take kiran ƙanin nata, har bayan ya yi furfura.

Da suka kai tsakiyar ruwa Maijidda ta ce, "Gambo, kai kana nan ranar. A wane wuri ya fito?"

"Wa ya sani? Sau bakwai ya ƙetarar da su, suna ta cewa a sake. An ce kuma rabin abin da suke ɗauka zubarwa suke yi."

Da ta sani ba ta tambaya ba. Maganar ta tsaya mata a ƙirji har ta sauka daga kwale-kwalen, har mai babur ya kai ta bakin titi.

A motar Haɗeja aka matse ta tsakanin wasu 'yan mata biyu ɗalibai, waɗanda suka kalli fim ɗin Alhamis da na Juma'a, suna ta musu ta saman kanta kamar ba mutum a tsakaninsu.

"Wallahi na likitar nan ya fi. Har gida na koma ina kuka."

"Ke dai kuka kike so. Na 'yan kasuwar hatsin fa? Ba ki ga yadda ɗakin ya ɗauki ihu ba da aka buɗe buhun aka ga yashi?"

Direban, wani dattijo mai jar hula, ya ce, "Ku me kuka sani? Mu da muka ga silima tana silima! Mutum ɗari biyar a fili ɗaya, mugu ya laɓe a bayan ƙofa, gaba ɗaya mu tashi muna gaya wa jarumi ya waiwaya. Kallon waya ai cin tuwo ne kai kaɗai."

"Baba, taka motar dai," in ji Maijidda. Ita kanta sai da ta ji kunyar yadda muryarta ta fita.

Ta tarar da 'Yar'azumi a ƙofar ɗakin taron tana ta leƙen titi, ta sha sabon mayafi, ƙamshin turare na kokawa da na hayaƙin kifi.

"Sai yanzu? Har an kashe fitila. Ina Binta?"

"Na bar ta wurin Inna, Yaya. Ban san yadda zan kasance ba, ban so ta gani."

'Yar'azumi ta dube ta, ta ja hannunta suka shiga.

Maijidda ba ta taɓa shiga irin wannan wuri ba. An toshe tagogi da baƙaƙen labule, fankoki na kaɗawa, mata sun fi ɗari biyu a kan kujerun roba, ana ɓare gyaɗa, ana rarrashin jarirai. Can gaba kuma ga bango guda ya zama haske. Fuskar mutum ta kai girman ƙofar zaure. Da aka buga kiɗa sai ta ji shi a cikin haƙarƙarinta.

Ba labarin ta zo bi ba, don haka ba ta bi shi ba. Ta zauna a bakin kujera tana jiran ruwa. Da aka nuno ruwan farko ta damƙe hannun 'Yar'azumi. Mashiginsu ne, ga ma tsamiyar da ake ɗaure kwale-kwale a jikinta, amma mai tuƙin wani saurayi ne mai gyararren gashi, ya riƙe gora kamar mai riƙe da muciya. Aka sake nuno ruwa, wannan karon daga sama, mutane ƙanana kamar tururuwa. Ta ƙura ido har ya yi mata zafi. Babu shi.

Sun zubar da shi, ta faɗa a ranta. Ta jingina da kujera. Ta ma yi tunanin tashi ta fita, sai dai layin ya cika da ƙafafu da jakunkuna, babu ta inda za ta bi.

Da ta rasa abin yi sai ta kalli abin da kowa yake kallo. Wani Alhaji ne ɗan birni, mai tumbi da girman kai, ya cuci ƙanwarsa gonar gado, uwarsu ta yi fushi da shi, shi ne ya sayo ƙaton rago zai kai mata ƙauye ya ba ta haƙuri. Ga shi bai taɓa shiga ruwa ba. Ya sa ƙafa ɗaya a kwale-kwale ya janye, ya sa ya janye, yana tambaya ko babu gada ko da ta nesa ce. Da ƙyar aka zaunar da shi, ya rungume ragon kamar ɗan da ya haifa. Suna kaiwa tsakiya ragon ya fara cin gefen babbar rigarsa. Alhaji na son ya ƙwace rigar, yana tsoron ya motsa, sai salati yake yi yana roƙon ragon da girman iyayensa.

Ɗakin ya kece da dariya. Wata tsohuwa a baya ta ɗaga murya, "Cinye ta duka, hakkin marainiya ne!" Maijidda ba ta san lokacin da tata ta ƙwace ba. Ta yi dariya har ta dafe ciki, hawaye ya rufe mata ido, mayafinta ya zame. Ta ji 'Yar'azumi na mintsininta a cinya, ita ma ta kai mata duka a kafaɗa, su biyu suna ta girgiza. Daga nan fim ɗin ya tafi da ita. Ta ji haushin Alhaji, ta tausaya wa ƙanwar, da uwar ta juya masa baya har ta ce "Madalla!" da ƙarfi tare da sauran mata.

Aka kunna fitila. 'Yar'azumi na share ido da bakin mayafi.

"Kin ga yadda yake cije leɓe don kada ya yi dariya? Auta ke nan. Tun yana yaro haka yake yi."

Maijidda ta juyo a hankali. "Wa?"

"Auta mana. A bayan Alhajin, da shuɗiyar rigarsa. Ba shi ne nake mintsininki ba?"

Mata na ta wucewa ta gabansu suna maimaita maganganun Alhaji. Maijidda ta zauna kamar an dasa ta. Ita ta wanke rigar nan da hannunta, ita ta ɗinke aljihunta. Ya tsaya a gabanta da girmansa, a raye, ita kuwa tana kallon rago.

"Yaya, wace irin mace ce ni? Tun safe nake hanya saboda shi."

"Irin wadda ya aura," in ji 'Yar'azumi. "Ke da shi abu ɗaya ya ba ku dariya, sai dai shi an hana shi yi. Rabon da in ga haƙoranki a waje tun kafin ya kwanta."

Maijidda ta tashi, ta kutsa cikin mata har bakin ƙofa, inda wani mai gemu yake tattara tikiti.

"Malam, za a sake sakawa?"

"Bayan la'asar, Hajiya. Shi ne na ƙarshe."

Ta tsaya tana duban waje. In ta zauna, ba za a tashi ba sai gab da magariba, Gambo kuwa ba ya fito da duhu. Tun da aka kai ta gidan Inuwa ba ta taɓa kwana a wani wuri ba, ko bayan rasuwarsa. Ta ciro 'yar wayarta ta kira uwarta.

"Inna, Binta ta kwana a wurinki. Sai gobe zan dawo. Lafiya lau. Wallahi lafiya lau, Inna."

Suka yi sallar la'asar a barandar ɗakin, suka koma tun kafin a cika, suka kama kujerun layin gaba. Da aka kashe fitila 'Yar'azumi ta matso kusa da kunnenta.

"To, wannan karon ki rabu da Alhaji. Bayansa za ki duba, ta hannun dama."

"Zan duba, Yaya," in ji Maijidda. Ta gyara zama, ta riƙe hannun 'Yar'azumi gam. "Amma in ragon nan ya kama rigar, ki mintsine ni da ƙarfi."