Ganyen Hosta da Karen Baba Gado

"Zulkiflu, fito da mota! Yalla, don Allah!"

Ina wanke tayoyi a ƙofar gidan da nake tuƙi a unguwar Al Thumama, na ɗago kai na ga Baba Gado rungume da kare a ƙirji, miyau na zuba a gaban rigarsa. Shi ne mai kula da lambun gidan da ke jikin namu, gidan wata Baturiya da muke kira Madam. Mutumin Gusau ne, kuma shi ya riƙe ni kamar ɗa tun zuwana Doha.

"Baba, kare zan saka a motar kafil, maigidana?"

"Shimfiɗa masa kwali. Ya ci ganyen Madam, tun hantsi yake amai."

Sunan ganyen hosta, faffaɗa ne, kore da ratsin fari. Madam ta sayo shi cikin manyan tukwane ta jera a inuwar baranda, don ba ya jure ranar ƙasar nan. Sai ta tafi hutu ƙasarsu, ta bar wa Baba ganyen da karenta Bisko.

Ni dai ban taɓa son karen nan ba. Kafin a kawo shi, kullum bayan la'asar ni da Baba muke zama a gindin katanga muna shan shayi, yana ba ni labarin gida. Da Bisko ya zo, sai la'asar ta zama tasa. Ina riƙe da kofi biyu za su wuce ni, Baba yana yi masa hira da Hausa. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni Baba ya leƙo, amma ko zama bai yi ba, wai lokacin abincin kare ya yi.

A mota Baba yana ta shafa kan karen yana cewa, "Sannu, sannu, mun kusa."

"Baba, najasa ce fa take zuba a jikinka."

"Ruwa da ƙasa suna wanke ta. Kai dai tuƙa."

A asibitin dabbobi ya ciro guntun ganyen daga aljihu ya miƙa wa likitar, ya tambaye ta da Turancinsa mai haɗe da Larabci ko guba ne. Ta ce eh, yana da guba ga kare da kyanwa, yana sa amai da gudawa da kasala, amma da wuya ya kashe. Za a ƙara masa ruwa, mu kuma mu kawar da tukwanen daga inda bakinsa zai kai.

Muka zauna jira. Sanyin na'ura har cikin ƙashi, amma Baba gumi yake yi, yana murza kafaɗarsa ta hagu.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Nauyinsa ne ya riƙe mini kafaɗa."

"Mu biya asibiti kai ma a duba ka."

"Bari ya tashi tukuna."

Na kalli ƙofar ɗakin da ma'aikata biyu suke kan kare ɗaya, na kasa haɗiye maganar. "Da ni ne a kwance, da ka rungumo ni haka?"

Ya yi 'yar dariya. "Kai ai kana da baki, Zulki. Kana iya faɗin inda ke yi maka ciwo."

Da yamma aka sallami Bisko. Na sake yi wa Baba maganar asibiti, ya ce khalas, ya isa haka, sai gobe.

Washegari bayan azahar na ji haushi ba ƙaƙƙautawa. Na tura ƙaramar ƙofar gidan Madam na shiga. Baba ya kwashe tukwanen shi kaɗai ya kai ɗakin ajiya, bai ko kira ni in kama masa ba. Ta ƙarshen ce ta fashe a kan dakali, shi kuma yana kwance kusa da ita, ƙasa ta ɓata masa wando. Na kira motar asibiti, na ɗora kansa a cinyata.

Ya kama hannuna yana motsa baki. Na sunkuya, a zatona saƙo zai ba ni ga iyalinsa, ko wata magana tsakanina da shi.

"Kwashe ganyen nan," ya ce, "kada ya sake ci."

Daga nan sai kalmar shahada, ina yi yana bi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Da na dawo na tsince ganyen tas, har gutsattsarin da ya shiga ƙarƙashin kujera.

A nan Doha aka yi masa sutura da yardar 'ya'yansa. Madam ta katse hutunta ta dawo, ta yi kuka sosai, ta sa aka haɗa kayansa za a aika Gusau. Na roƙe ta abu ɗaya, wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan ƙasa da yake sawa in za mu sallar asuba. Sai ta ba ni haƙuri. Wai tun ranar Bisko ya ƙi abinci, ya ƙi kwanciya, sai da aka shimfiɗa masa ita.

Da zan fita na bi ta baranda. Bisko yana kwance a kan rigar, ya cusa hancinsa cikin hannunta ɗaya, yana barci.