Ta Rabu da Shi Yana da Rai

"Ki rabu da shi yau ɗin nan, tun yana numfashi," in ji Bok-rye.

Sun-deok ba ta ɗago ta dubi maƙwabciyar tata ba. Tana goge wa mijinta Man-seok tafin ƙafa da tsumma mai ɗumi, shi kuwa yana kwance a gadon asibiti a garin Gunsan, roba a hanci, bai san inda kansa yake ba tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gaban tukunyar awara. Likita ya ce da wuya ya ga ƙarshen mako.

"Yaya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Sarai Bok-rye ta sani. Shagonta na kifi yana jikin shagon awararsu, a idonta aka yi komai. Shekara ashirin da ɗoriya Sun-deok na jiƙa waken suya, tana niƙawa, tana matsewa har yatsunta suka lanƙwashe, amma shagon da ɗakin da ke samansa duk da sunan Man-seok suke. Ba su taɓa zuwa ofis an rubuta aurensu ba. Kullum sai ya ce a bari Dong-cheol, ɗansa na wajen marigayiya matarsa ta fari, ya huce tukuna. Ɗa ya girma har ya fara furfura, bai huce ba. Mutumin kirki ne Man-seok, amma tir da kirkin da ba ya iya kai mutum ƙofar ofis.

"Mijin 'yata a wajen lauya yake aiki, ya warware min komai. In kika rabu da shi yana da rai, kotu za ta raba muku abin da kuka tara. In ya mutu kina tare da shi, ko allura ba ki da ita. Ɗansa ne magaji," in ji Bok-rye.

"Wato in gudu in samu, in tsaya in rasa?"

"Haka dokar take, ba ni na rubuta ta ba." Bok-rye ta rage murya. "Jiya na ga Dong-cheol da wani mai kwat a ƙofar shagonku. Suna auna bango da taku, suna leƙen tagar ɗakinki."

Hannun Sun-deok ya tsaya cak. Ta daɗe tana kallon ƙafar nan. Sannan ta ja masa bargo, ta ɗauki jakarta.

"Tsoho, zan je in dawo. Kada ka yi min wauta, ka ji?"

Bok-rye ce ta zauna a kujerar Sun-deok. Ita ce kuma ta ga numfashin yana ja, yana yankewa, yana dawowa da ƙyar, har da yamma ya yanke bai dawo ba. Ta kira Sun-deok a waya.

"Kotu ta karɓi ƙarar tun da rana, ina cikin bas," in ji Sun-deok. "Yaya, ki shafa masa ruwa a leɓe, bakinsa na bushewa."

Bok-rye ta dubi leɓen mamacin. Ta san shawararta daidai ce, amma ta tsani bakin da ya ba da ita.

A zauren makoki na ƙasan asibitin, matan gida sun sa baƙaƙen kaya, kowace da ɗan farin ƙyalle maƙale a gashi. Sun-deok ta miƙa hannu za ta ɗauki nata, Dong-cheol ya sha gabanta.

"Malama, wannan na iyali ne. Ai da bakinki kika gaya wa kotu kin rabu da shi. Baƙi can suke zama."

"Kai, mara kunya!" in ji Bok-rye. "Kana ina lokacin da take kwashe wa ubanka..."

Sun-deok ta damƙe mata hannu. Ta shiga layi, ta durƙusa sau biyu a gaban hoton Man-seok kamar kowane baƙo, ta wuce ɗakin cin abinci ta zauna a kusurwa. Wata ma'aikaciya ta dire mata shinkafa da miyar nama ba tare da ta dube ta ba. Sun-deok ta ɗauki cokali ta riƙe, miyar na hucewa a gabanta.